Bita kafin hawa jirgi: Shirin da ɗaliban masarautar Gumel ke buƙata kafin tafiya karatu ƙasar waje

Duk ranar Alhamis, tun kafin rana ta ɗaga, garin Maigatari kan cika da baƙi. Raƙuma da shanu da tumaki na shigowa daga Jamhuriyar Nijar, manyan motoci na jiran lodi zuwa Kudu, ana ciniki da naira da sefa. Yaron da ya tashi a nan bai ɗauki ƙasar waje abin tsoro ba. Yana hango ta daga bayan gari, wataƙila ma can gwaggonsa ke aure, ana zuwa biki ko ta'aziyya a dawo a yini guda.

Wannan sabo yana da amfani, amma yana iya yaudarar mutum. A iyakar Maigatari, fuska da dangantaka da harshe suna buɗe hanya. A filin jirgin saman Alƙahira ko Delhi ko New York kuwa, babu ruwan jami'i da ɗan gidan wa ke tsaye a gabansa. Takarda yake dubawa, kuma harafi ɗaya da ya saɓa yana iya mayar da mutum gida.

Maniyyaci ba ya tafiya aikin Hajji sai ya halarci bita. Ana koya masa ɗaura harami da ɗawafi, ana faɗa masa nauyin jakar da zai ɗauka, da abin da aka hana shiga da shi Saudiyya, da yadda zai yi idan ya ɓata. Duk wannan domin tafiyar makonni ce. Ɗalibin da zai shafe shekara huɗu ko shida a ƙasar da bai san harshenta da yanayinta ba, sau da yawa guzurinsa bai wuce addu'ar iyaye da nasihar a riƙe mutunci ba. Addu'a ita ce gaba, amma akwai sauran aiki bayanta.

Su wa ke tafiya, kuma ina?

Tafiya neman ilimi ba baƙon abu ba ce a ƙasar Gumel, domin almajirai sun daɗe suna nufar gabas da allo da tawada. Abin da ya sauya shi ne nisan tafiyar da yawan sharuɗɗanta.

Gwamnatin Jigawa a zamanin Muhammad Badaru Abubakar ta tura ɗalibai karatun likita ƙasar Chaina. Jihar tana da wasu ɗaliban a Sudan, waɗanda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya katse wa karatu, har gwamnatin Umar Namadi ta nema musu gurabe a tsibirin Saifurus da ƙasar Indiya. Wasu kan samu Jami'ar Musulunci ta Madina ko Azhar ta Masar. Wasu kuma ba sa hawa jirgi, mota suke shiga zuwa Maraɗi.

Amurka ma tana cikin lissafi. Rahoton Open Doors ya nuna cewa 'yan Najeriya 20,029 ne ke karatu a can a zangon 2023/2024, adadin da ya sa Najeriya ta zama ta bakwai a duniya, ta ɗaya a Afirka. Akwai kuma shirye-shiryen musaya da 'yan Arewa suka ci gajiyarsu: shirin YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, ya kai 'yan sakandare suka yi shekarar karatu guda a gidajen Amurkawa, wani reshe na shirin Fulbright ya kai matasan malamai suka koyar da Hausa a jami'o'in ƙasar, sai shirin Mandela Washington da aka fara a 2014, mai makonni shida.

Ko ina aka nufa, matsalolin kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu a gida ake magance su, kafin a sayi tikiti.

Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya

Shirin farko ba ya buƙatar dala ko ɗaya. Ɗalibi ya shimfiɗa takardunsa duka a kan tabarma: ta haihuwa, ta firamare, sakamakon WAEC ko NECO, takardar NIN, da shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Sai ya karanta sunan da ke kan kowacce harafi bayan harafi.

A nan ake ganin abin mamaki. A firamare an rubuta sunansa da na mahaifinsa. A sakandare aka ƙara sunan gari. Wurin yin NIN aka sa na kaka, ko aka juya na farko ya koma ƙarshe. Wata takarda ta ce Muhammad, wata Mohammed, wata Muhammed. Ranar haihuwa kuma wani malami ne ya ƙiyasta ta, wani magatakarda ya sake ƙiyasta wata. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. A idon kwamfutar ofishin jakadanci mutum uku ne.

Yanzu ba a yin fasfo sai da NIN, kuma bayanan da ke cikinta su za su hau fasfo. Sunan da ke kan fasfo shi makaranta za ta sa a takardar gurbi, shi za a sa a biza da tikiti. Gyaran suna ko ranar haihuwa yana bi ta takardar rantsuwa a kotu da hukumar NIMC, wani lokaci har da cigiya a jarida, kuma ba aikin mako guda ba ne. Wanda ya fara shi bayan takardar gurbi ta iso yana iya kallon ranar buɗe makaranta ta wuce.

Ga 'yan kan iyaka akwai ƙarin abin lura. Wanda aka haifa a tsallake, ko ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijar ne, zai tarar da fom na tambayar inda aka haife shi da ƙasar iyayensa. Ya faɗi gaskiya, kuma amsar ta zama ɗaya a kowace takarda. Ƙarya a fom ɗin biza ta fi kowace matsala daɗewa tana bin mutum.

Daga 1 ga Satumbar 2025, kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Ga mai karatun likita, na shekara goman zai raba shi da wahalar sabuntawa a tsakiyar karatu. Ƙasashe da dama kuma na neman a tantance takardun makaranta a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, don haka wannan tafiyar ma a sa ta cikin lissafi.

A binciki makarantar kafin a sayar da sa

A ƙarshen 2023, ɗan jaridar Daily Nigerian Umar Audu ya wallafa yadda ya samu takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Jamhuriyar Benin da Togo. Hukuncin bai tsaya kan masu sayen takarda ba, ya jefa har waɗanda suka zauna suka yi karatu cikin zulumi.

Darasin shi ne, ba maganar dillalin makaranta ake bi ba. Dillali kamashonsa yake nema. Iyali su tambayi Ma'aikatar Ilimi ko Najeriya ta amince da makarantar. Mai son likitanci ya sani cewa idan ya dawo sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN kafin a ba shi lasisin duba marar lafiya. Ya kuma tambayi harshen koyarwa: ana iya yin lacca da Turanci a Chaina, amma majinyacin da ke kwance a asibiti da Sinanci zai faɗi inda ke masa ciwo.

Haka nan a san matsayin wurin da za a je. Arewacin Saifurus, inda 'yan Najeriya da dama ke karatu, ƙasar Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can. Hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta gargaɗi iyaye kan yankin a 2020. Wanda zai je ya san tun daga gida wa zai kira idan fasfonsa ya ɓata.

Ƙofar Amurka da sauyin dokoki

Tsarin shiga kwalejin Amurka sananne ne. Makarantar da gwamnatin ƙasar ta amince wa ɗaukar baƙi takan aiko da takardar I-20 ga mai neman bizar F-1, ko DS-2019 ga ɗan shirin musaya mai bizar J-1. Ana biyan kuɗin rajistar SEVIS, dala 350 ga na farko, dala 220 ga yawancin na biyu, sannan dala 185 ta neman biza. Ganawa da jami'i a Abuja ko Legas kaɗai ake yin ta. Ko an samu biza, ba a barin sabon ɗalibi ya shiga ƙasar fiye da kwana 30 kafin ranar fara karatu.

Sai dai ƙofar ta yi ta ƙuntata. A watan Yunin 2025 aka umarci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu na sada zumunta domin a duba. A watan Yuli aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wa'adin wata uku. A watan Disamba Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan sanarwar da ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya wasu nau'o'in biza, ciki har da na ɗalibai da 'yan musaya, daga 1 ga Janairun 2026, yayin da aka sa Nijar cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya.

Irin waɗannan dokoki suna sauyawa da sauyin siyasa. Abin da ya rage ga iyali shi ne kada su biya ko sisi sai sun duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadancin ƙasar, ba a zauren WhatsApp ba. Cibiyar EducationUSA, wadda ke ƙarƙashin gwamnatin Amurka, tana ba da shawara a Abuja da Legas. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai fitar da biza ta bayan fage, ɗan damfara ne. Kuma kada ɗalibi ya saki gurbin da ya samu a Dutse ko Kafin Hausa ko Kano sai biza ta hau fasfonsa.

Abin da mutum ya rubuta a Facebook ko TikTok yana da shekara 17 ma ya zama takarda. Fom ɗin neman bizar Amurka na tambayar sunayen shafukan da aka yi amfani da su cikin shekara biyar da suka wuce.

Lissafin shekara huɗu, ba na shekara ɗaya ba

Magidanci na iya sayar da bijimai ko gona ya biya kuɗin shekarar farko. Tambayar da ya kamata a yi a zaure kafin a kai dabbobi kara ita ce: me za a sayar a shekara ta biyu da ta uku?

Kafin a sauya tsarin canji a watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Iyalin da suka yi lissafi da tsohon farashi sun wayi gari kuɗin makaranta ya ninka sau uku ba tare da makarantar ta ƙara ko kwabo ba. A 2024 wasu 'yan Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila sun samu umarnin barin ƙasar bayan sun kasa biya a kan lokaci.

Tallafin gwamnati ma ba ya hana yunwa idan ya makara. Ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura ƙasashe irin su Maroko da Rasha da Aljeriya a shirin BEA sun shafe watanni ba alawus, a 2024 aka rage shi daga dala 500 zuwa 220 a wata, a 2025 kuma gwamnati ta sanar da rufe shirin.

Don haka a karanta takardar tallafi layi-layi. Kuɗin karatu kaɗai ta ɗauka, ko har da ɗaki da abinci da inshorar lafiya da tikitin dawowa? Wa zai biya lokacin hutu, sa'ad da wasu makarantu ke rufe ɗakunan kwana? Watan farko shi ya fi cin kuɗi: kafin alƙalamin ɗaki, bargo, tukunya, layin waya, littattafai, rigar sanyi. Ɗalibi ya tafi da abin da zai riƙe shi aƙalla wata biyu, a kasa shi gida biyu, wani a kati wani a hannu.

Kada a dogara da cewa zai yi aiki ya ciyar da kansa. A Amurka, awa 20 a mako ce iyakar abin da aka yarda ɗalibi ya yi lokacin karatu, kuma a cikin makaranta. Aiki a waje ba izini yana soke zaman mutum a ƙasar. 'Yan uwa a gida su ma su sani cewa wanda ya tafi karatu ba ci-rani ya tafi ba. Kiran a turo na cefane ko na biki yana jefa yaro cikin abin da zai ja a kore shi.

Jaka da lafiyar jiki

Babu uwar da za ta so ɗanta ya tafi ba kilishi ko dambun nama a jaka. Jami'an kwastan na Amurka kuwa ba sa barin irin wannan nama ya shiga. Ƙa'idar ita ce a bayyana duk wani abinci da aka ɗauko, ko kuka ce ko kuɓewa busasshiya ko yaji ko zoɓo, jami'i ya duba ya yanke hukunci. Idan ya ƙwace, an yi asarar ƙulli guda. Idan aka ɓoye ya gano, tara ce.

Saƙon wani kuma a bar shi. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba da ta tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa Umara, bayan an samu ƙwaya a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Ta shafe watanni a tsare a Saudiyya kafin bincike ya nuna wasu ne a filin jirgin suka maƙala sunan nata, aka sake ta a Afrilun 2019. Ɗalibi ya ƙirga jakunkunansa, ya ɗauki hotonsu, ya riƙe 'yar takardar da aka ba shi wurin awo.

Katin shaidar allurar shawara, wanda ake kira katin rawaya, ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, kuma ƙasashe irin su Indiya da Masar da Saudiyya na neman sa daga wanda ya fito Najeriya. Kwalejojin Amurka kan nemi shaidar rigakafin ƙyanda, da yawa har da na sanƙarau da gwajin tarin fuka. Mai ciwon sikila ko asma ya tafi da rahoton likita da Turanci, domin sanyi na tayar da su. Wanda zazzaɓi ya kama makonni bayan isarsa ya faɗa wa likita daga inda ya fito, saboda likitan da bai saba ganin maleriya ba yana iya ɗaukar ta mura.

Sanyin hunturun Gumel, duk tsananinsa, bai kai ruwan randa ya daskare ba. A arewacin Chaina ko jihohin Amurka irin su Iowa da Minnesota, ma'auni kan sauka ƙasa da sifili na tsawon makonni. Rigar sanyin gwanjo za ta kai mutum daga filin jirgi zuwa ɗaki, amma babbar riga da takalmin ƙanƙara gara a saye su can. Amurkawa da ma'aunin Fahrenheit suke aiki, inda 32 ke nufin sifili. Wutarsu 120 ce ba 230 irin ta Najeriya ba, bakin soket ɗinsu ma daban ne. Kwanan wata kuma wata suke fara rubutawa: 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ce, ba 3 ga Afrilu ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa a rasa jirgi ko jarrabawa.

Kunya a aji

Yaron da aka yi wa tarbiyya a Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san ba a kallon babba ido cikin ido, ba a katse malami, ba a kiran sunansa gatsau. A ajin Amurka shiru da sunkuyar da kai na iya zama alamar ba a yi karatu ba. Malamai da dama na ware maki domin tofa baki a tattaunawa, wasu ma da kansu za su ce a kira su da sunan yanka. Ladabi bai hana tambaya ba, kuma matambayi ba ya ɓata.

A ranar farko kowane malami kan raba takardar tsarin darasi, mai ɗauke da abin da za a karanta kowane mako, ranakun miƙa aiki da yadda aka kasa maki. Ba jarrabawar ƙarshe kaɗai ke yanke hukunci ba, don haka dabarar tara karatu sai mako biyu kafin jarrabawa ba ta aiki. Malami na da sa'o'in da ya keɓe a ofis domin ɗalibai, kuma zuwa ba roƙo ba ne. Mai digirin farko a bizar F-1 dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a zango, wato kusan darussa huɗu. Ajiye darasi ba tare da sanin ofishin ɗalibai baƙi ba yana taɓa bizarsa.

Babban ramin shi ne kwafar rubutun wani. Wanda ya saba haddace littafi ya zuba shi yadda yake a takardar amsa zai iya yin haka da zuciya ɗaya, a can kuwa sata ake ɗaukarsa idan bai faɗi inda ya ɗauko ba. Hukuncin na farawa daga sifili ya kai kora. Amfani da manhajoji irin su ChatGPT ma kowane malami da dokarsa, sai a tambaya.

Watannin jiran biza lokaci ne na koyon abubuwa uku: buga rubutu a kwamfuta da sauri, rubuta wasiƙar imel mai tsari, da sabawa da Turancin baka. Cin Turanci a WAEC daban, gane malamin da ke magana da sauri daban. Sauraron lacca a YouTube rabin awa kullum yana rage wannan tazara. Na huɗu ga samari shi ne girki. Wanda bai taɓa ɗora tukunya ba ya shiga madafi wurin mahaifiyarsa ko yayarsa kafin ya tafi, domin sayen abinci kullum zai cinye alawus kafin tsakiyar wata.

Inda alƙibla ba gabas ba ce

Bahaushe ya saba cewa a fuskanci gabas. A Indiya da Chaina da Japan alƙibla yamma take, a Amurka arewa maso gabas. Manhajar waya na nuna ta, tare da lokutan salla, waɗanda ke sauyawa fiye da yadda aka saba. A Gumel tsawon yini bai wuce tsakanin awa 11 da 13 ba duk shekara. A arewacin Amurka rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar a watan Disamba, har Azahar da La'asar da Magariba su faɗo cikin lokutan darasi, a watan Yuni kuma yini ya haura awa 15.

Juma'a ranar karatu ce, don haka tun wurin zaɓen darussa ake kauce wa lokacin salla. Jami'o'i da yawa na da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa uwarta a Jami'ar Illinois a 1963, kuma su suka san ɗakin salla da shagon naman halal. A koyi karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin abinci, domin naman alade da giya na shiga inda ba a zata ba. Ƙaramar buta ta roba ba ta da nauyi a jaka, kuma ba a samun ta a kowane kanti.

Wadda ba ta musabaha da maza, ko wanda ba ya yi da mata, ya shirya gajeriyar magana mai daɗi da zai faɗa yana dafe da ƙirji. Dokokin cin zarafi kuma suna da tsauri: wasa ko saƙon waya da aka ɗauka ba komai ba yana iya kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa.

Sai kewa. Wanda ya tashi a gidan da ba a cin abinci shi kaɗai zai tsinci kansa a ɗaki da kwano ɗaya. A tsayar da ranar kiran gida, a kuma lura da bambancin lokaci: Najeriya na gaban New York da awa biyar ko shida, gwargwadon watan da ake ciki. Idan damuwa ta hana barci ko karatu, makarantu na da masu ba da shawara, kuma zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne.

Idan abu ya ɓaci

Ɗaliban da suka fito daga Khartum a 2023 sun kwana a motoci cikin sahara, wasu suka shafe kwanaki a iyakar Masar kafin a bar su su wuce. Na Yukren sun ga irin haka a Fabrairun 2022. Bayan an tsira da rai, tambayar da sabuwar makaranta ke yi ita ce ina shaidar darussan da aka riga aka ci.

Saboda haka ɗalibi ya karɓi takardar sakamakonsa a ƙarshen kowane zango, ya ɗauki hotonta tare da fasfo da biza da takardar gurbi, ya ajiye a imel, ya tura wa wani amintacce a gida. Ya sanar da ofishin jakadancin Najeriya mafi kusa cewa ya iso. Ya rubuta lambobin waya uku a takarda, ba a waya kaɗai ba. Tsohon fasfo ma kada a yar, domin hukumar NYSC na duba hatimin shiga da fita idan an zo rajistar bautar ƙasa.

Bitar da za a iya yi a Gumel

Japan ƙasa ce mai arziki da ingantattun makarantu, amma ba ta ɗauka cewa ɗalibi mai ƙoƙari zai iya da kansa ba. Shirin Tobitate, wanda ma'aikatar iliminta ta ƙaddamar a 2013 tare da gudummawar kamfanoni, ya sa horo kafin tafiya da bayan dawowa cikin sharuɗɗan tallafinsa. EducationUSA ma takan shirya taron bita ga masu shirin tafiya, sai dai Abuja da Legas sun yi wa ɗan Maigatari nisa.

Abin da ake buƙata a masarautar Gumel bai fi ƙarfin jama'arta ba. Akwai Kwalejin Ilimi a Gumel mai ɗakunan taro. Akwai likitoci da malamai 'yan jihar da suka yi karatu a Chaina da Sudan da Masar da Madina suka dawo. Akwai ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari a ƙananan hukumomin huɗu. Zama biyu a shekara zai wadatar: ɗaya da wuri domin duba takardu da gyaran suna, ɗaya kuma gab da tafiya domin kuɗi da jaka da aji da ibada. Iyaye su ma a ba su kujera, tunda su ke sayar da dabba, su ke kuma ɗaga waya idan abu ya faru.

Kafin a samu mai ɗaukar nauyin wannan, kowane gida na iya fara nasa. A nemi wanda ya je ƙasar ya dawo, a kai masa ɗalibin da biro da littafi, a zauna yini guda. Sannan a koma gida a shimfiɗa takardun nan a kan tabarma, a fara karanta suna.